Duwatsun Gicciye na Dartmoor, Jagororin Matafiya Cikin Hazo

Kimanin kilomita 4 kudu da ƙauyen Princetown, a lardin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila, akwai wani dutse tsaye a tsakiyar ciyawa, an sassaƙa shi da siffar gicciye. Tsayinsa ya ɗan haura mita 2. Babu coci a kusa da shi, babu maƙabarta, babu gari. Maƙwabcinsa ɗaya ne, wani tsohon gidan gona da aka daina noma a kewayensa tuntuni. Idan ka matsa kusa za ka ga dutsen ya taɓa karyewa a tsaka, an ɗaure shi da ƙarafa kamar yadda maɗori yake ɗaure karaya da karan ɗori. A fuskarsa ta gabas an rubuta sunan Siward, a ta yamma kuma BOC LOND, amma ruwa da iska sun siɗe rubutun har sai mutum ya ƙura ido kafin ya gane.

Wannan shi ne Gicciyen Siward. Mutanen yankin sun fi kiransa Nun's Cross, sunan da kan sa baƙo ya zaci mata 'yan zuhudu sun taɓa zama a wurin, alhali masana suna danganta kalmar da "nans" ta harshen mutanen Cornwall, wato kwari. A shekarar 1240 Sarki Henry na Uku ya ba da umarni, barade 12 suka hau dawakai suka kewaye dajin farautar sarauta na Dartmoor domin tantance iyakarsa. Sun iske wannan dutse a tsaye, suka sa sunansa cikin jerin alamomin iyaka. Ke nan tun kusan shekara 800 da suka wuce ya riga ya zama abin da ake kwatance da shi.

Ba shi kaɗai ba ne. Hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila ta san da irin waɗannan duwatsun gicciye na bakin hanya fiye da 350 a faɗin ƙasar, kuma fiye da 110 daga cikinsu suna Dartmoor da kewayenta. Akasarinsu an kafa su ne tsakanin ƙarni na 9 da na 15. Ba su da ado. Wasu ma hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wasu sun karkace tun daga hannun mai sassaƙa. Wanda ya zo neman gwanintar sassaƙa zai koma da ƙaramin guzuri. Darajarsu tana ga inda aka kafa kowanne, da tazarar da ke tsakaninsa da na gaba da shi.

Ƙasar da babu wanda za a tambaya

Sai an san Dartmoor kafin a san amfanin waɗannan duwatsu. Makeken tudu ne mai faɗin murabba'in kilomita 954, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1951. Ƙololuwarsa, High Willhays, ta kai mita 621. Ko da yake tsofaffin takardu suna kiran tsakiyarsa daji, ma'anar a wancan zamani ita ce filin da aka keɓe wa sarki don farauta. Bishiya ƙalilan ce. Abin da ido yake gani ciyawa ce mai kaushi, da tsibin manyan duwatsu a kan tuddai, da tumaki da ƙananan dawakai suna kiwo. Princetown tana samun ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, ruwan kuwa ba ya wucewa da sauri, domin ƙasar ruɓaɓɓen tsiro ce ta dubban shekaru, tana shan ruwa tana riƙewa kamar soso.

Daga nan haɗari biyu suke fitowa. Na farko fadamu ne masu yaudara: sama ciyawa kore shar, ƙasa kuwa caɓi ne da zai iya haɗiye doki har wuya. Na biyu hazo ne mai laima, wanda kan sauko cikin 'yan mintoci ko da rana tsaka, ya rufe tudu da kwari, har mutum ya kasa ganin abin da ke taku 20 a gabansa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma sai inda akwai wanda za a tambaya. A tsakiyar Dartmoor mutum kan yi tafiyar sa'o'i bai ga hayaƙin gida ba. Wanda hazo ya rufe shi a nan, ba tare da ya sani ba zai fara kewaya wuri ɗaya, sanyi da jiƙewa su gama da shi kafin gari ya waye.

A gefen wannan tudu kuwa akwai manyan gidajen ruhubanawa na Kirista. Gidan Tavistock a yamma an kafa shi a ƙarni na 10. Na Buckfast a kudu maso gabas a 1018. Na Buckland kuma a 1278, wata attajira mai sarauta, Amicia ta Devon, ce ta ba da filinsa, kuma wannan Buckland ɗin ce BOC LOND da ke jikin Gicciyen Siward, domin iyakar filin da ta bayar ta zo har gindinsa. Waɗannan gidaje ba wuraren ibada kaɗai ba ne. Suna da garkunan tumaki, suna cinikin ulu, suna karɓar baƙi. Tsakanin Buckfast da Tavistock tafiyar kilomita 30 ce da ɗoriya idan aka ratsa tudun. Idan aka ce za a kewaye ta gindinsa, nisan ya ƙaru sosai. Dole a ratsa, dole kuma a san inda za a sa ƙafa.

Layin da ya kauce wa fadama

Idan aka ɗauki taswira aka ɗiga wurin kowane gicciye a kudancin Dartmoor, sai wani layi ya fito fili daga gabas zuwa yamma. Daga wajen Holne akwai Gicciyen Horn. Sai na mashigar Horse Ford, sai na mashigar Skaur Ford, sai guda biyu a kan tudun Ter Hill, sai na Mount Misery, wanda ma'anar sunansa Tudun Wahala. Daga nan hanya ta gangara zuwa Kabarin Childe, ta wuce Gicciyen Goldsmith, ta iso na Siward. Gaba kuma akwai na Newleycombe da na Crazywell, kafin a sauka cikin gonaki. Can kusa da Tavistock, Windy Post yana tsaye a karkace a bakin wata magudanar ruwa, iska tana dukansa dare da rana.

Abin da ya fi burge ni a wannan layi shi ne lissafin da ke cikinsa. An kafa duwatsun ne a inda matafiyi ya fi bukatar a gaya masa wani abu: a mashigar rafi, don ya san inda ruwa bai da zurfi, a kan gadon tudu, inda siffar gicciye za ta fito baƙi ƙirin a jikin sararin sama, a hango ta daga nesa, a mararraba, inda kuskuren taku ɗaya yake zama ɓatan yini. Siffar kanta tana da amfani. A ƙasar da duwatsu suka warwatsu ko'ina, dogon dutse tsaye zai iya zama na Allah da annabi, amma dutse mai hannu biyu ba ya faruwa da kansa. Wanda ya hango shi cikin hazo ya san hannun mutum ya taɓa wurin, ya san yana kan turba.

Tsakanin Mount Misery da Gicciyen Siward ne aikin ya fi fitowa. A arewa da wannan yanki akwai fadamar Fox Tor, wadda ta fi kowace suna a Dartmoor, kuma ana cewa ita ce marubuci Arthur Conan Doyle ya hango ya ƙirƙiri muguwar fadamar da ke cikin labarin Sherlock Holmes na 1902. Duwatsun ba su bi miƙaƙƙiyar hanya ba. Sun bi gefen fadamar ta kudu, inda ƙasa take da ƙarfi, suna jan matafiyi daga wannan zuwa wancan har ya fita. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Wanda ya tsara wannan layi ya san kowane taku na wurin, kuma ya san cewa wanda zai biyo baya ba zai sani ba.

A kan taswirorin yau akwai wata hanya dabam, can kudu, da aka rubuta wa suna Abbot's Way, wato hanyar shugaban ruhubanawa. Sunan bai bayyana a rubuce ba sai ƙarshen ƙarni na 18, mutanen wurin kuwa sun fi saninta da hanyar fataken ulu. Masu bincike da yawa suna ganin layin duwatsun gicciye shi ne ainihin turbar da ta haɗa gidajen ruhubanawa, ni ma hujjarsu ta fi kwanta mini, domin shaidarta tana tsaye a ƙasa ana gani. Amma kuskure ne a ɗauka ruhubanawa kaɗai suka mori hanyar. Masu haƙar kuza sun bi ta, su da doka ta wajabta wa kai kuzarsu Tavistock ko Ashburton ko Chagford a auna a buga hatimi. Makiyaya sun bi ta, da masu dawakan kaya, da talakan da ke neman aikin ƙodago a wancan gefen.

Kabarin Childe yana da labarin da kowane yaro a yankin ya sani. Wai wani attajiri ne daga Plymstock, maharbi, dusar ƙanƙara ta rutsa da shi a nan. Da sanyi ya yi masa yawa sai ya yanka dokinsa, ya farke cikinsa ya shiga don ya sami ɗumi, duk da haka bai kwana da rai ba. Kafin ya cika ya bar wasiyya cewa duk wanda ya binne shi, shi zai gaji filayensa. Ruhubanawan Tavistock suka riga mutanen Plymstock isa ga gawar, da aka tare musu mashiga kuma suka yi gada a wani wuri suka haye. Almara ce, an rubuta ta tun ƙarni na 17, kuma ramin dutsen da ke ƙarƙashin gicciyen kabari ne na mutanen da suka riga Kiristanci zuwa ƙasar da nisa. Sai dai mutane ba sa riƙe labari ɗaruruwan shekaru a banza. Tsoron da ke cikinsa na gaske ne.

Mil 8 da rani, mil 15 da damina

Ba masu rai kaɗai suke ratsa Dartmoor ba. A da, tsakiyar tudun duka tana ƙarƙashin cocin Lydford ne, can a gefen yamma, don haka manoman da ke zaune a tsofaffin gonakin ciki dole su ɗauki mamacinsu a kafaɗa su kai shi Lydford a binne. Turbar da suke bi har yau ana kiranta Lych Way, hanyar gawa. A 1260 Bishop Walter Bronescombe na Exeter ya duba kukan mutanen Babeny da Pizwell ya yarda su riƙa zuwa cocin Widecombe da ya fi kusa. Dalilin da aka rubuta shi ne, tafiya zuwa Lydford mil 8 ce idan gari ya yi kyau, mil 15 idan ya ɓaci, saboda rafuka kan cika sai an kewaya. Ban san wani bayani da ya fi wannan nuna halin ƙasar ba: wuri ɗaya, nisa biyu.

A sabuwar hanyar Widecombe ɗin, a kan hawan da ke bayan Dartmeet, akwai wani faffaɗan dutse da ya tsage biyu, ana kiransa Dutsen Akwatin Gawa. A nan masu ɗaukar makara suke sauke ta su huta. An sassaƙa ƙananan gicciye da haruffan farko na sunayen wasu mamata a jikinsa. Wannan yana tuna mana cewa a wurin mutanen wancan zamani alamar hanya da alamar addini abu ɗaya ne. Matafiyi yakan tsaya a gindin gicciye ya yi addu'a kafin ya shiga tudun, kamar yadda ake faɗa game da Gicciyen Marchant da ke kusa da Meavy, a daidai inda gonaki suka ƙare hawa ya fara. Dutse ɗaya yana aiki uku: yana nuna hanya, yana tsare iyaka, yana kwantar da zuciyar mai tsoro. Gicciyen Bennett, karkataccen nan da ke bakin titin Moretonhampstead kusa da masaukin Warren House, iyaka ne tsakanin gundumomin Chagford da North Bovey, daga baya kuma aka ƙara masa haruffan WB don nuna iyakar wata gonar kiwon zomaye.

Mai karatu ba sai ya yi tarayya da su a aƙida ba kafin ya gane irin wannan aiki. Duk wanda ya san darajar mutumin da ya haƙa rijiya a bakin hanya don baƙon da ba zai taɓa gani ba, ya san abin da ya sa wasu suka fasa dutse mai nauyin gaske, suka ja shi a kan caɓi, suka huda masa gurbi a jikin fa, suka tsayar da shi, ba su kuma rubuta sunansu ba.

Yadda suka faɗi, da waɗanda suka tashe su

A 1539 Sarki Henry na Takwas ya rufe gidajen ruhubanawan nan duka ya ƙwace dukiyarsu. Ɗaya daga cikin jami'an da suka gudanar da aikin, Sir William Petre, ɗan Devon ne, kuma ya mallaki ƙasar Brent da a da take hannun Buckfast. Shi ma da ya tashi shata iyakar sabon filinsa, duwatsun gicciye huɗu ya yi amfani da su. A 1643 Majalisar Ingila ta zartar da dokar rushe gicciye a wuraren jama'a, aka rushe manya a birane, har da na Cheapside a Landan. Daga baya hanyoyi suka canza. Aka kafa sababbin duwatsun jagora masu harafin T a gefe ɗaya da A a ɗayan, tsakanin Tavistock da Ashburton, sannan bayan wata doka ta 1772 aka shimfiɗa titin keken doki ya ratsa tudun. Tsohuwar turba ta mutu, ciyawa ta rufe ta.

Abin da tarihin kowane dutse yake nunawa shi ne, a cikin tudun bukata da rashin kula sun fi ƙiyayyar addini ɓarna. A 1812 mai ginin gidan gonar Fox Tor ya kwashe duwatsun Kabarin Childe ya sa a gininsa. A 1846 wasu samari biyu da suka fito neman dabbobi suka ture Gicciyen Siward ya karye, sai a 1848 aka sa magini ya ɗaure shi da ƙarafan da ake gani yau. Wajen 1847 leburorin da ke yankan baƙar ƙasar nan ta makamashi suka kakkarye hannuwan Gicciyen Petre, ɗaya daga cikin huɗun nan, suka sa shi a murhun bukkarsu, har yanzu kuma gangar jikinsa tana tsaye ne kai a ƙasa. Gicciyen Ouldsbroom an ja shi zuwa wata gona a Leusdon, aka sare masa hannuwa ya zama dirkar ƙofar shinge fiye da shekara 100, kafin a mayar da shi mazauninsa a shekarun 1950. Manomi yana ganin dogon dutse sassaƙaƙƙe kwance a banza, shi kuma yana bukatar dirka. Ba mugunta ba ce, amma asarar ɗaya ce.

Mutumin da ya fi kowa cancantar yabo a nan shi ne William Crossing, wanda aka haifa a 1847 ya rasu a 1928. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa da lafiyarsa yana yawo a Dartmoor, yana tambayar tsofaffin makiyaya inda suka taɓa ganin dutse mai hannu kwance cikin ciyawa. Littafinsa na farko a kan duwatsun gicciye ya fito a 1887, faɗaɗɗensa kuma a 1902. Da taimakon Ƙungiyar Kare Dartmoor, wadda aka kafa a 1883, aka tashi na Ter Hill da Mount Misery da wasu a 1885, aka gyara Kabarin Childe a 1890. Sai dai an bar giɓi tsakanin kabarin da Gicciyen Siward. A 1903 wani hafsan sojan ruwa mai suna Goldsmith ya gano gutsattsarin wani gajeren gicciye a gefen fadamar, da gurbinsa a jikin wani fa, ya mayar da shi, shi ya sa yake ɗauke da sunansa. Layin ya cike. A 1915 limamin cocin Sheepstor, Hugh Breton, ya tayar da wasu a yammacin tudun, har da na Crazywell da na Cadover.

Ba a gama da matsala ba. Aradu ta fashe wani ɓangare na Gicciyen Bennett a 1982. Shanu suna soshe jikinsu da duwatsun har su ture su, wannan ne ya sa a 1994 aka ɗauke ɗaya daga cikin na Ter Hill, wanda ya sha karyewa, aka kai shi wani lambu a Princetown, aka kafa kwafinsa a gurbin. Akwai kuma ɓarayi masu sayar da tsofaffin duwatsu ga masu ƙawata gidaje, har hukumar gandun ta koma dasa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a jikin duwatsun don a gane su idan an sace. Yawancinsu dokar kare kayan tarihi ta 1979 ta rufe su, lalata su laifi ne.

A ganina abin da aka yi a Ter Hill daidai ne, saboda ba a bar gurbin fayau ba. Gicciyen da ke cikin lambu an tsare jikinsa, amma aikinsa ya ƙare, ba ya nuna wa kowa komai. Kwafin da ke kan tudu, duk da sabuntarsa, shi ne yake riƙe da amanar. Idan aka cire dutse ɗaya daga layin, na bayansa da na gabansa duk sun rage daraja, tunda kowanne yana miƙa matafiyi ne ga ɗan'uwansa. Ɓarawon da ya ɗauke gicciye ya kai lambun wani attajiri ya cuci dukan layin.

Har yau akwai alamar cewa mutane ba su manta da manufar ba. A arewacin Ingila, a tuddan North York, Gicciyen Young Ralph shi ne tambarin gandun ƙasar yankin, kuma a kansa akwai ɗan rami inda a da masu hali suke ajiye kwabbai don matafiyin da guzurinsa ya ƙare. Kusa da shi akwai wani gajeren farin dutse, Fat Betty, inda masu yawon ƙafa har yanzu suke barin ɗan abin taɓawa, mai bukata ya ɗauka. A Dartmoor kuwa, duk da taswira da wayar hannu, ƙungiyar 'yan sa kai masu ceto da aka kafa a 1968 tana fita neman waɗanda suka ɓata, kuma a 2007 sai da sojoji suka dakatar da gasar tafiyar matasa ta Ten Tors a tsakiya saboda ruwa ya cika rafuka.

Ga 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai Ingila, Princetown ba ta da nisa daga Plymouth, daga can kuma tafiyar sa'a ɗaya ce a ƙafa zuwa Gicciyen Siward, a kan turba mai kyau. Wanda ya yi niyya ya duba hasashen yanayi, ya tashi da wuri, ya riƙe taswira da rigar ruwa da takalmi mai ƙarfi. Idan ya isa, kada ya hau dutsen, kada ya jingina da shi don ɗaukar hoto, domin ƙarafan 1848 ne suke riƙe da shi. Ya tsaya a gindinsa ya dubi gabas, gefen fadamar Fox Tor, ya nemi na gaba.